Sadick da Agogon da Ba Ya Buƙatar Kowa

Duk wanda ya taɓa cin wake da shinkafa a shagona na Tompkinsville ya san Sadick, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai zama kusa da firji, wanda kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, kamar rigar da aka rataya a ƙusa ɗaya. Ba haka uwarsa ta haife shi ba. Shi ya nemo wa kansa.

Ɗan Kumasi ne, unguwar Aboabo, ubansa makanikin babur. Ya iso New York yana saurayi, ya yi ta kai abinci a keke cikin Manhattan har ƙafafunsa suka koma kamar muciya, sannan ya samu aikin da yake yi har yau: tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti wankin ƙoda. Litinin zuwa Juma'a yana rarrafe a titunan Staten Island, tsohuwa a baya tana ce masa ya rage gudu, alhali mai tafiya a ƙasa ma ya wuce su. Mutumin da ya tashi cikin ƙarar salansa! Ba a jima ba ya sayi babur irin na tsere, kore shar, wanda sai an kwanta a kansa kamar mai ciwon ciki. Da zarar sanyi ya wuce, ranar Asabar sai a ɗora babur ɗin a motar kaya, a ƙetare gada zuwa wani filin tsere a New Jersey, inda manyan mutane masu gemu ke biya don su yini suna zagaya wuri ɗaya ba su je ko'ina ba.

Nakan ce masa, "Angona, duk wannan gudun ina za ka?"

Sai ya ce, "Mma, ba za ka gane ba."

Ka! Ni da na haifi bakwai. To amma haka Hausar Zango take, ba ta san mace ba. Kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, daga liman har mai jego. Ni na yi shekara ashirin a Kumasi a gidan marigayi mijina, kunnena ya saba. Uwani, wadda ya aura, ita ce ba ta saba ba. Bakanuwa ce, ubanta na dafa abinci a gidan wani jami'in diflomasiyya, ita kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ranar da Sadick ya fara zuwa zance ya ce mata "ka yi kyau", sai ta waiwaya tana neman ƙaton da ake wa magana. Ta rantse ba za ta auri wanda ke kiranta kamar direban bas ba. Haka ya zauna ya koyi "ke" da "ta" da "ita", saboda mace ɗaya tak a duniya. Uwarsa ma har gobe "shi" ce.

Bayan aure sai ya ba ta aiki. A filin nan kowa so yake ya san tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya zagayo sau ɗaya. Sai ya sayo mata agogo mai igiya, irin wanda ake dannawa da babban yatsa. Tana tsaye a bakin katanga da mayafinta, in ya wuce layi ta danna, in ya zagayo ta sake dannawa. Shekara huɗu tana wannan, ga kular abinci a gefenta. Kullum yana dawowa da murna, wai ya rage lokaci. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa wurin aski, ya faɗa wa tsofaffin da yake kaiwa wankin ƙoda, waɗanda ko sunansu ba su cika tunawa ba.

Farkon bazarar 2015 Uwani ta shigo shagona ba ta ko yi sallama sosai ba. Ta ja ni bayan kanta.

"Goggo, zai sayi agogo."

"To sai me? Ai gara agogo da mata."

"Irin wanda ake ɗaurawa a kan babur. Mai ƙirga lokacin da kansa."

"Kin huta da tsayuwar rana."

Ta murza bakin mayafi. Sannan ta ce, "Ina dannawa kafin ya iso layin."

Ta ba ni labarin. A shekarar farko, wata rana ya fito ya tambayi lokaci, ta faɗa masa gaskiya. Fuskarsa ta canza, ya koma ya murɗa totur, a kwana ta uku ya zube, ya yi ta gangarawa cikin ciyawa tana kallo. Bai karye ba. Amma tun daga ranar ta gane cewa in lambar ta yi masa daɗi yakan sauko ya ci abinci, in ba ta yi ba yakan koma ya nemi mutuwa. Sai ta fara ba shi lamba mai daɗi. Kowace shekara ta ƙara rage masa kaɗan, don ya ga yana ci gaba.

Na ce, "'Yar nan, ke da ake ganin ko ƙuda ba za ki iya cuta ba."

"Goggo, ki zo ki hana shi. Yana jin maganarki."

Yana jin maganata! Namiji mai babur. Amma na ɗaura ɗankwali na bi ta, don na san in wannan abu ya shiga gidan, ba tsayuwar katanga kawai za ta rasa ba.

Garejin Yaw muka je, a Port Richmond. Yaw Ba'asante ne, makaniki, shi ma yana zuwa filin, kuma shi ya fara zuga Sadick. Wai in lambobin nan gaskiya ne, me ya sa mutanen da ba su kai shi ba suke wuce shi kamar yana tsaye? Sadick kuma so yake a mayar da shi rukunin masu sauri, daga nan ya shiga gasa ta sosai. Yaw ya shimfiɗa agogunan, iri uku, a kan tebur mai baƙin mai, kamar mai tallan turare.

Na farko a waya ake sa shi, a ɗaure wayar a jikin babur. Yaw ya taɓe baki, ya ce wani lokaci yana daidai, wani lokaci yana mafarki.

Uwani ta yi caraf ta ce, "Ai wannan ya isa. Me za a yi da ɓarnar kuɗi?"

Na gane ta. Abin da ke mafarki ana iya ɗora masa laifi.

Na biyu guda biyu ne. Ɗaya a kan babur, ɗaya kamar ƙaramar tocila da ake kafawa a kan katanga, tana haska wani haske da ido ba ya gani. In babur ya ratsa hasken sai ya ƙirga. Amma sai da mutum a wurin, ya kafa, ya saita, ya duba batir, ya hana wani ya ture.

Na ce, "Wannan shi ne na mai iyali. Ga matarka, ta iya tsayuwa."

Sadick bai ko kalle shi ba. Idonsa na kan na uku, wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba. Yaw ya ɗaga shi da yatsu biyu. Wannan da tauraron ɗan'adam yake magana. Ya san filin, ya san layin, yana gaya maka a wace kwana ka taka birki da wuri, a wace ka ji tsoro.

"Kuma ba ya so kowa," in ji Yaw da tasa Hausar. "Kai kaɗai, shi kaɗai."

Na ce, "Yaw, kai ma ba ka so kowa, shi ya sa kake wanke kayanka da kanka har yau. Angona, abin da zai riƙa gaya maka inda ka ji tsoro, a kan me za ka kai shi gida? Ni in kana so sai in gaya maka kyauta."

Suka yi dariya, har da shi. Ya ce, "Mma, yatsan mutum yana kuskure. Ita ma ta gaji da rana." Ya juya ga matarsa da fara'a. "Ko ba haka ba? Ke ki zauna a inuwa."

Ta ce, "Ni ban ce na gaji ba."

Bai ji ba. Ya riga ya sa akwatin a aljihu.

Asabar ta zo. Ya ce ta riƙo tsohon agogon ma, a gwada su tare, don ya rufe bakin Yaw. Ku duba inda aka sa yarinyar nan. In ta danna daidai, lambobin shekara huɗu sun zama ƙarya. In ta danna da wuri, akwatin zai tona ta. Ta zaɓi abin da hannunta ya saba. Abin da ba ta sani ba, Yaw ya ɗaura nasa akwatin shi ma a wutsiyar babur ɗin. Akwati biyu suka faɗi magana ɗaya, yatsan Uwani ya faɗi wata. Tsakaninsu daƙiƙa shida. Ni a wurina daƙiƙa shida ko gishiri ban gama barbaɗawa ba, amma a wurinsu wai tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo ke nan.

Kafin magariba suka biyo ta shagona. Na zuba musu abinci. Sadick ya zauna bai cire kayan fatar ba, bai taɓa cokali ba, yana kallon firji.

Na ce, "Yaya, tauraron ya gaishe ka?"

Ya ce, "Mma, shekara huɗu ina dogara da shi. Ashe ƙarya yake mini."

Uwani ta ɗago kai.

"Na je masallaci na faɗa, na je ko'ina na faɗa. Ya mai da ni abin dariya. Daga yau ba zan ƙara zuwa da shi fili ba."

Na ga ajiyar zuciyar da ta yi, har kafaɗunta suka sauka. Agogo ai namiji ne. Kuma tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa ce mata "shi" ba. Ta laluba jaka da sauri ta fito da agogon.

"Gaskiyarka. Dama ya tsufa. A bar shi a gida, ni ma na gaji da shi."

Ta jefa shi cikin kwandon sharata, kan ɓawon albasa. Ta ja faranti ta ci abinci sosai, irin cin wanda ya tsallake rijiya. Ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu. Na san Hausar da mutumin Aboabo ke komawa in ransa ya ɓaci. Kuma ko sau ɗaya bai dubi agogon ba.

Asabar ta gaba ta tashi ta soya kaza, ta shirya kula, ta sauko ƙasa. Motar kaya ta tafi. Ta iso wurina da kular a hannu, da takalmin da take sawa don tsayuwa.

"Goggo, ya manta da ni."

"Bai manta ba. Ya gaya miki a gabana, kika ce gaskiyarsa."

Ta dube ni. Na ga lokacin da maganar ta isa. Ta zauna a kan buhun shinkafa, ta ce, "Ni ce shi?"

"Ke ce."

Kazar nan almajiran cikina ba su samu ba, masu sayen abinci na raba wa.

Bai yi mata ihu ba, bai sake ta ba. Da ya yi ihun ma da ya fi. Sau ɗaya suka yi maganar, ita ta faɗa mini. Ta ce masa ta fi son miji mai lambar ƙarya da gawa mai lambar gaskiya. Ya ce ita tsofaffi take kula da su, masu sa ƙyallen fitsari, waɗanda ake ce wa "ka yi ƙoƙari" in sun shanye kunu, kuma haka ta mayar da shi. Ban ce ba shi da gaskiya ba. Ita ma ban ce ba ta da ita ba. Gaskiya biyu a ɗaki ɗaya da kicin, a hawa na uku, ba wurin da za su wuce juna.

Ya sa wa ransa sai ya kai lambar da yatsanta ya ba shi, lambar da bai taɓa yi ba a duniya. Akwatin kuwa ba ya lallashi. Kowace Asabar sai ya nuna masa kwanar da ya ji tsoro, shi kuma ya koma ya cire tsoron. A bazara ta biyu ya cire wanda bai kamata ba. Ƙashin kafaɗa ya karye gida biyu, aka sa ƙarfe. Uwani ta ɗauki hutu ta yi jinyarsa, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki. Ranar da ta ji shi a waya, hannu a rataye, yana tambayar Yaw yaushe za a gama gyaran babur, ta haɗa kayanta ta koma wurin yayarta a Flatbush. Ba takarda, ba shari'a. Limamai sun yi zarya har suka gaji.

Ƙarshen bazarar 2017 ya shigo shagona da rana tsaka, ana cikin ciniki. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya ajiye akwatin a kan kantata, kusa da yaji.

"Mma, duba."

"Ba tabarau a idona. Mene ne, lambar caca?"

"Na kai. Na ma wuce kaɗan. Wannan na gaskiya ne."

Ya tsaya yana jira. Masu layi suna kallon agogonsu. Wani ɗan Mexico ya ce a ƙara masa miya. Na ce, "Barka, angona. Sai a ba ka sarautar zagaye."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "A kai labari Flatbush."

"Ni bas ce? Ba ka da waya?"

"Ba a ɗauka in ni ne."

Na zuba masa abinci, ya ci rabi ya tafi. Da ciniki ya lafa na kira ta. Tana wurin aiki, ina jin talabijin da tarin wata tsohuwa. Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta ce, "Da ƙafafunsa ya shigo?"

Na ce da ƙafafunsa.

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Sannan ta ce, "To. Goggo, bari in je, matar nan na son a juya ta."