Mu Masu Wucewa Ne

A ƙauyenmu na bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, aka haifi babana, nan aka haife ni, nan na haifi ɗiyata. Amma tambayi kowane tsoho namu, cewa zai yi muna kan hanyar Makka. Haka kakanni suka bar mana, faɗin wani abu daban kuwa warware niyyar hajji ne a wurinsu.

Ruwan tur'ar muke sha, mu da jakuna. Garin da ke tsallake suna da donki, rijiyar inji mai tanki a sama, amma kullum cewa suke su ma bai ishe su ba.

Shekarar da ɗiyata ta fara fitsarin jini, aka ce hukuma za ta haƙa donki a wuraren da aka bari a baya. Wallahi don murna har shayi na dafa wa maƙwabta. Wani afandi, ma'aikacin hukuma, ya zo daga birnin Sinnar, ya zauna a tabarmar Baba, don shi ne limaminmu. Ina bayan zana ina ji. Ya tambaya da Larabci ko mu mazauna nan ne.

Baba ya ce, "A'a, ɗana, mu masu wucewa ne. In Allah ya buɗe hanya, sai gabas."

Ƙanena ya so ya sa baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Afandin ya shanye shayinsa, ya ce hukuma ba ta haƙa wa matafiya rijiya.

Da ya tafi na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, kabarin mahaifinka fa yana bayan masallacin nan. Wucewa ina?" Ya ce in ji tsoron Allah. Har gobe ina jin haushinsa, amma na fi jin haushin afandin. Ta gaban kaburburan nan ya ajiye motarsa, amsar ce kawai ta zo masa daidai.

Aka kai donkin wani gari. Na ɗauki yarinyar zuwa asibitin Sinnar, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Likita ta ba ta ƙwaya, ta ce kar ta ƙara kusantar ruwan tur'a, ko sha ko wanka. Na ce to. Me zan ce?

Muka iso gida da la'asar, ta ce, "Inna, ƙishirwa." Na buɗe randa, na daɗe a tsaye. Na tace ruwan tur'ar da ke ciki da gefen mayafina, na miƙa mata, ta shanye, ta ce in ƙara.