Waken da na bari a ƙauyen Turawa

Duk ranar Juma'a in an idar da salla, mukan tsaya a bakin masallacinmu na unguwar Morrisania da ke Bronx, a New York, mu ɗan taɓa hira kafin kowa ya kama gabansa. Da 'yan Najeriya, da mutanen Nijar, da 'yan Zangon Gana, kowa da irin Hausarsa, hirar kuma ba ta wuce ta gida. Wannan ya ce fura yake kewa, wancan ya ce shi hirar dandali. Ran nan da aka zo kaina sai na ce ni wani ƙauye nake kewa a Ingila. Aka kwashe da dariya. Wani dattijo mutumin Maraɗi ya ce, "Haba Malam, ƙauyen Nasara kuma? Me ka ajiye a can?" Na yi murmushi na ƙyale shi. Amma gaskiya ajiya na yi a can.

Karatu ne ya kai ni Ingila. Makarantar tana cikin birni, mu kuma ni da matata muka samu ɗan gida a wani ƙauye, tafiyar minti ashirin a bas. Ƙauye ne na gaske, ba na wasa ba. Titi ɗaya, kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya, coci mai ƙararrawa, sai gidan giya inda maza suke haɗuwa da yamma. Bayan gidaje sai makiyaya, tumaki birjik, masu ƙiba har tafiya tana yi musu wuya. In iska ta juyo da safe warin kashin shanu ne yake fara gaishe ka, ni kuwa wallahi daɗi yake mini, don shi kaɗai ne abin da na sani a garin tun daga gida. Mutanen ba su da doguwar gaisuwa. Mutum zai dube ka, ya dubi sama, ya ce yau ma ruwa, shi ke nan ya gaishe ka. Matata takan ce, "To ai su ma 'ina ruwa' suke yi, sai dai ba sa jiran a ce ya yi gyara."

A shekararmu ta biyu Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, na je gida aka yi zaman makoki. Ranar da zan dawo mahaifiyata ta kira ni ɗaki, ta ɗauko wani ƙullin tsumma ta danƙa mini. Farin wake ne ƙanana, an cuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci. Ta ce, "Irin mahaifinka ne. Shi ma a hannun ubansa ya same shi, bai taɓa sayen na kasuwa ba. Ƙannenka ba mai sha'awar noma. Kai ne ka riƙe masa fartanya kana yaro, to ga shi, kada ka bari ya ɓata." Na karɓa na ce in sha Allahu. Cikin hannu ɗaya ne, bai fi haka ba.

A bayan cocin ƙauyen akwai fili da aka yanka fegi-fegi, kowa da nasa ɗan lambu. Na nema aka ba ni ɗaya. Maƙwabcina a lambun wani tsoho ne da ya haura saba'in, tsohon makiyayin shanu, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a birni. Kullum hula ɗaya, rigar sanyi ɗaya mai faci a gwiwar hannu. Ni dai Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kiran sa'an mahaifina da sunansa ba. Da farko ya yi ta gyara mini, yana faɗa mini sunansa a hankali kamar mai koya wa kurma. Da ya gaji sai ya fara amsawa.

Na gyara fegina tsaf, na yi kunya-kunya irin ta gida. Tsohon ya jingina da shinge yana kallo, ya tambaye ni ko wani zan binne. Ban kula shi ba. Cikin watan Maris aka yi wani ruwa kwana biyu a jere, rana ta uku gari ya washe. Na tona ƙasa da yatsa na ji lema ta sauka sosai. To me ake jira? A garinmu in ruwa ya jiƙa ƙasa haka, ko limami ne yakan bar buzu ya ɗauki sungumi. Na raba waken gida uku, na ɗauki kashi ɗaya na nufi lambu, ina sara ina zubawa ina rufewa da diddige.

Tsohon ya matso ya ce, "Me kake yi?"

Na ce, "Shuka, Baba. Ruwa ya sauka."

Ya ce, "Ruwa kullum sauka yake yi a nan. Ka jira ƙarshen Mayu."

Na yi dariya a raina. Ƙarshen Mayu! Ni da aka haifa a gona, wani zai koya mini lokacin shuka? Ga ruwa, ga rana, a ce in naɗe hannu wata biyu. Na ce masa na gode, na ci gaba da abina. Ya ɗaga kafaɗa ya koma ɗakin gilashinsa, inda yake renon tumatir da furanni.

Mako uku ina sintiri, ko tsiro ɗaya. Da na tona sai na tarar waken ya ruɓe, ya zama kamar dusa jiƙaƙƙiya. Sanyin ƙasa ya kashe shi. Mai hankali da nan zai tsaya, amma ni taurin kai gadona ne. Na ce ai lema ce ta yi yawa. Cikin Afrilu aka yi mako guda ana rana mai daɗi, har Turawa suka tuɓe riguna a bakin gidan giya, sai na ɗauki kashi na biyu, na ƙara da rabin na uku don in tabbatar. Wannan karon ya tsiro. Kai, ranar da na ga ganye bibbiyu sun leƙo sai da na kira matata ta zo ta gani. Na wuce tsohon ina fito. Ya dubi shukar, ya dubi sama.

Wata safiya a farkon Mayu na fito na ga ciyawa ta yi fari fat, raɓa ta daskare. Da gudu na je lambu. Duk sun kwanta, sun yi baƙi, kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Na tsuguna a bakin kunya ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

A ranar na buga wa ƙanena waya na ce ya karɓo mini wani wajen Inna ya aiko. Ya ce, "Yaya, wane? Ai ƙwari sun cinye ragowar, an zuba wa kaji. Gonar ma mun yi magana, gari ya iso ta, masu gini suna nema." Na ce a tambayi maƙwabta, wataƙila mahaifinmu ya taɓa ba wani. Ya ce kowa yanzu sabon iri yake shukawa, mai saurin nuna. Na kashe waya na kwance ƙullin tsumman a kan tebur. Ƙwaya goma sha ɗaya. Abin da ya rage ke nan a duniya na irin kakana, kuma ni na kashe sauran da hannuna.

Matata ta dube ni ta ce, "Malam, ka ajiye girman kan nan ka je wajen tsohon nan." Na ce ba zan je ba. Ta ce, "To zauna ka shuka su a Disamba." Na tashi na tafi.

Na same shi a ɗakin gilashi. Na buɗe hannuna na nuna masa, na gaya masa na waye da yadda aka yi. Na ɗauka zai ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Ya goge hannu a wando, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ce, "Sha ɗaya ma iri ne." Ya kawar da tukwanen tumatir ɗinsa daga gefen da rana ta fi bugawa, ya jera ƙananan tukwane sha ɗaya, ya ce ni zan saka da hannuna. Tara suka tsiro.

Wannan lokacin shi nake kewa. Da yamma in na sauko daga bas ba na shiga gida, lambu nake wucewa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Tsohon yana da kujeru biyu na katako da butar shayi, mu zauna a ƙofar ɗakin gilashin, ƙararrawar coci tana bugawa, tumaki suna kuka can nesa. Ba ma yawan magana. Wani lokaci ya ba ni labarin wata saniyarsa da ta iya buɗe ƙofar garke, ni kuma in ba shi na jakin mahaifina da ba ya tafiya sai an roƙe shi. In lokacin salla ya yi in shimfiɗa rigata a kan ciyawa, shi kuma ya juya ya kama cire ciyawa har in idar. Matata ta fara aiko masa da ƙosai. Ya ce yaji ya yi yawa, amma kwanon bai taɓa dawowa da saura ba.

Waken ya yi yaɗo, ya kama igiya ya hau har rufi, ganye kore shar. Yuli ya wuce ba fure. Agusta ya shigo ba fure. Tsohon ya canza taki, ya rage ban ruwa, shiru. Hankalina ya tashi, don sanyi yana tafe, kuma babu wata ƙwaya a tsumma. Ran nan ya ce, "A gida yaushe yake fure?" Na ce sai damina ta ja baya, bayan an yanke gero, lokacin da magariba ta fara saurin yi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ashe duhu yake jira." Ya ce akwai furanninsa masu irin wannan hali, sai an rufe su da baƙin ƙyalle a ruɗe su su ɗauka rana ta gajarta. Ni shekara nawa ina ganin waken nan a gonarmu, ban taɓa sanin abin da yake jira ba.

Daga ranar, kullum ƙarfe shida na yamma muna lulluɓe waken da baƙin ƙyalle, rana tana tsaka da haskawa, da safe tsohon ya yaye. Masu sauran lambuna suka riƙa tsokanarmu, wai mun kwantar da jarirai. Cikin mako na uku, da safe ina shirin fita, sai na ji ana buga ƙofa. Tsohon ne, yana haki, ko hula bai saka ba. Bai taɓa zuwa gidanmu ba sai ranar. Ya ce, "Zo." Fure uku ne, fari mai ratsin shuɗi. Na tsaya a gabansu hawaye yana zubo mini, ban ma ɓoye ba. Shi kuma ya juya wai yana neman almakashi.

A Oktoba muka roro, da taimakon 'yar hitar kananzir da yake kunnawa in sanyi ya yi yawa. Da muka ɓare, ya cika kofin shayi ɗaya da rabi. Matata ta ɗebi rabin ta dafa da shinkafa, da mai da yaji, muka ci mu uku a kwano ɗaya, tsohon da cokali. Ɗanɗanon yana nan yadda na san shi, da ɗan zaƙin nan a ƙarshe. Ya tauna a hankali ya ce, "Mahaifinka ya san wake."

Da na gama karatu sai aiki ya fito mini a New York. Waɗanda suka riga ni zuwa suka gargaɗe ni cewa ba a shiga Amurka da irin shuka haka kawai, in an gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi a ƙone. Na yi ta juya maganar. Sau biyu na jefa irin nan cikin haɗari da wayona, ba zan yi na uku ba. Kuma ko na shigo da shi, a ina zan shuka? A taga, hawa na shida? Na cuɗa shi da toka kamar yadda Inna ta yi, na zuba a gwangwanin shayi, na kai wa tsohon. Ya riƙe gwangwanin da hannu biyu ya ce, "Ka san shekaruna. Ba zan yi maka alkawari mai tsawo ba." Na ce, "Baba, iya abin da Allah ya nufa." Ya raka ni har tashar bas, abin da ba al'adarsu ba, ya rubuta mini lambar wayar 'yarsa a bayan takardar iri, ya ce ko da wani abu.

Shekara huɗu a jere, duk ƙarshen Oktoba ambulan yakan zo mini nan Bronx. Hoto ɗaya a ciki, waken a tafin hannunsa, a baya ya rubuta kofi nawa aka samu. Yarana, da suka biyo mu daga gida, sukan karɓa su duba su ce da Turanci wake ne kawai, su miƙo mini. A ta huɗu rubutun ya karkace har da ƙyar na karanta. A ta biyar ba abin da ya zo. Na rubuta wasiƙa biyu, shiru.

Takardar mai lambar 'yarsa tana cikin fasfona. Matata ta sha ce mini, "Malam, ka kira mana, ko gaisuwa ce ka yi wa baiwar Allah." Gaskiyarta ne, kuma na san haƙƙi ne a kaina. Sau da yawa na danna lambobin har na ƙarshe sannan in goge. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Muddin ban kira ba, tsohon yana nan a kujerarsa, kuma irin mahaifina bai ɓata a hannuna ba. Bana shekara uku ke nan, har yau ban kira ba.