Kwamfutar Sito da Ke Suma

A kamfanin sayar da kayan gini kowa Injiniya yake ce mata, har manaja, ko da yake da aikin buga takardu ta fara. A lokacin, duk sanda na'ura ta lalace aka kira mai gyara, sai ta jawo kujera ta zuba masa ido, tana damunsa da tambaya. Bayan shekara goma sha biyu, ita ke kula da kwamfutocin rassa huɗu daga wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene. Ta intanet take shiga kowace, ta ga allonta a nata allon, ta gyara ba tare da ta ɗaga ƙafa ba.

Guda ɗaya ce ta so ta ba ta kunya, tsohuwar kwamfutar sito. Da ta shiga, kafin minti biyar komai ya sandare, sai an kashe an kunna. Mai kula da sito, wani dattijo mai barkwanci, ya ce tsohuwar ba ta son baƙi ne kawai. Manaja ya ce a jefar da ita. Injiniya ta ce a ba ta kwana biyu, ba ta taɓa ganin ciwon da ba shi da dalili ba.

Ta kashe manhajojin da ke tashi da kansu, ta rage kaifin hoton da ake turo mata don nauyi ya ragu. Tsohuwar ta jure minti goma sha biyar, ta sake suma. Amma Injiniya tana rubuta lokaci, sai ta lura da safe takan daɗe, da rana tsaka kuwa nan da nan take ƙamewa. Ta kira dattijon.

"Baba, don Allah kanga wayarka a jikin akwatinta, in ji numfashinta."

Ta kasa kunne, ba ta ji ƙarar fankar da ke sanyaya kwamfutar ba. Ta tambaye shi inda akwatin yake. Ya ce yana cikin kabad, ya ma lulluɓe shi da bargo saboda ƙurar siminti, gata ya yi masa.

Ta danne dariyarta, ta yaba masa, sannan ta sa ya cire wuta, ya kwance murfin. Ita kuwa tana faɗa masa wace ƙusa zai fara taɓawa. Siminti ya riƙe fankar gam. Da buroshin fenti ya share ta, ya juya ta da yatsa har ta saki.

Ranar ta yi awa uku a ciki, ko gezau. Manaja ya tambayi kwana nawa abin zai kai. Ta ce shekara biyu, in an yi wa akwatin kanta a sama inda iska ke wucewa. Ran Alhamis kafinta ya zo da katako.