Awarwaron Inna

A gidanmu na Wurno ba a taɓa yin mara lafiya ba. Kowa da sauƙi yake. Kakanmu da sauƙi yake har ranar da aka yi masa sutura. Da wannan aka raine mu, da shi na tafi Zariya inda nake koyarwa, kuma ban taɓa jin ya dame ni ba sai shekarar da mahaifiyarmu, Inna, ta kwanta.

Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, shi ke zaune da ita. Wata safiya cikin damina ya rubuta a guruf ɗinmu na dangi a waya: "Inna tana ɗan fama da jiki, amma da sauƙi, alhamdu lillahi. A sa ta cikin addu'a." Nan take dangi na Rabah da na Goronyo suka yi ta jero "Allah shi ƙara sauƙi", ni ma na jefa nawa. Na kira, aka ce tana barci. Na sake kira, aka ce yanzu ta sha magani. Hanyarmu kuwa kowa ya san yadda ta zama, ba a hawanta sai da dalili mai ƙarfi. Na ce bari a yi hutu.

Saƙonnin Yaya ba su yanke ba. "Jiki yana kyau." "Ana samun ci gaba." "Sai godiya." Ni da nake hana ɗalibaina rubuta "talauci ya yi katutu", ina ce musu su faɗa mini abin da ke cikin tukunya, sai ga ni ina karanta waɗannan ina jin daɗi. A raina Inna na zaune bakin ƙofarta tana ɓare tafarnuwa, ɗan zazzaɓi ne kawai ya taɓa ta.

Ina ofis da rana ina duba takardun jarrabawa, sai saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga kudancin Kaduna, da ke haya a gidan da ke jikin namu na Wurno. Sista kowa ke ce mata, ita kuma Mama take kiran Inna. Ga abin da ta rubuta:

"Anti, ina wuni. Yau na shiga gaida Mama. Ba ta iya zama sai an jingina ta da bango. Na ba ta koko a cokali, ya dawo ta gefen baki. Da na ɗaga hannunta zan gwada jini, awarwaronta ya zame ya faɗi a tabarma. Na ce bari in gaya miki."

Innalillahi! Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Awarwaron nan na azurfa ne, tun tana amarya aka sa mata shi. Inna mace ce mai jiki, hannunta ya cika ya riƙe shi gam. Muna yara mun sha gwada cire shi da sabulu da man gyaɗa, tana dariya tana cewa sai dai mu yanke hannun. Idan wannan awarwaro ya fita da kansa, to me ya rage a jikin Inna? Wata malama ta riƙe ni tana tambayar ko rasuwa aka yi. Na tattara takardun na fita.

Washegari na shiga mota. Ban tuna tsoron hanya ba har muka isa Sakkwato, na sake wata motar zuwa Wurno.

Da na ɗaga labulen ɗakin, na ɗauka wata tsohuwa ce daga cikin masu zuwa dubiya ta kishingiɗa a gadon Inna. Sai da ta buɗe ido na gane ta. Na durƙusa, bakina ya furta abin da ya saba: "Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata," in ji ta, muryar can ƙasa. "Mi ya kawo ki cikin wagga hanya?"

Na fito na sami Yaya a zaure. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan.

"Yaya, don Allah mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Na hwaɗa mana. Kullum ina rubutawa."

"Ka rubuta da sauƙi!"

"To mi kike so in rubuta? In zauna da hannuna in yi wa uwata mugun hwata? Wanda duk ya ga an ce a sa ta cikin addu'a, ai ya san inda anka dosa. Gwaggo ta Goronyo ba ta taho ba?"

Gaskiya ne, ƙanwar babanmu ta zo tun tuni. Amma ita ta ji ne daga bakin wata mai kai albasa kasuwa, wadda ta ga Inna da idonta. Mu na nesa ba mu da ido sai abin da aka rubuta mana. Na tsaya ina kallon Yaya, raina na tafasa, ga mamaki ya cika ni, domin na ga har cikin zuciyarsa ya yarda ya faɗa mana komai.

Sai na tuna da Auta, ƙanenmu, wanda ke fataucin albasa a Kudu. Saƙonsa na ƙarshe a guruf cewa ya yi: "Alhamdu lillahi. In na sayar da kaya zan taho da Salla." Salla kuwa da saura, kuma Sista ta ja ni gefe ta gaya mini kada mu sa rai Inna za ta yi nisa.

Na koma ɗaki na zauna gefen Inna, na ɗauki waya. Wallahi kafin in ankara yatsuna sun rubuta: "Auta, na iso gida, jikin Inna da sauƙi." Na zuba wa rubutun ido kamar wani ne ya yi shi. Na goge. Na gwada rubuta ɗayar maganar, wadda Yaya ya ƙi, ni ma hannuna ya ƙi. Ina gyara wa Inna matashi sai na ji ƙarfe mai sanyi a ƙarƙashi. Na jawo shi, na zura a hannuna. Sannan na rubuta: "Auta, awarwaron Inna yana hannuna. Da kansa ya fita."

Ko ajiye wayar ban yi ba ya kira. Bai tambayi komai ba. Cewa ya yi, "Ga ni nan tahe," ina jin yana kiran wani ya tsare masa buhunan.

Ya same ta da rai. Da ya yi sallama ta juyo da kai, ta ce, "Warin albasa ya riga ka shigowa." Ya riƙe hannunta yana dariya yana hawaye. Kwanaki kaɗan bayan nan Allah ya karɓi abinsa, dukkanmu muna wurin.

Bayan an watse daga zaman makoki, Yaya ya same ni a tsakar gida. Ya ce, "Wai mi kinka rubuta wa yaron ga, har ya bar kayanshi ya taho?"

Na miƙa masa wayar. Layi ɗaya ne, amma ya jima yana kallonsa. Sannan ya maido mini, ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ni na ɗauke shi ga tabarma ran nan," in ji shi. "Ni na ɓoye shi ƙarƙashin matashi, don kada wani ya gani."