Rabona a Cikin Fakara

Duk wanda ya san Baffa Basiru ya san ba mai zama wuri ɗaya ba ne, amma abin da ya yi a kakar bara ya wuce misali. Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa, kuma manoman rani na wajen Watari da shi suke taƙama, don da kunne yake gane ciwon inji tun kafin ya ɗora hannu. Bayan sana'a kuwa, abu ɗaya ne a ransa, tseren mota.

A garinmu idan aka gama girbi aka kwashe kara, akan share wani fako da ke bayan gari. Ranar Lahadi da la'asar masu motoci su taru, har daga Ungogo. Daga gindin kuka a zagayo tsohuwar rijiya a dawo, sau biyar. Ba a cin komai sai suna.

Motar Baffa mai ƙofa biyu ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Fakara ake ce mata, saboda launinta na ƙasa da yadda take sheƙawa a fili. Mahaifina, Malam Jamil, shi ya sayo ta tana gawa, shi da Baffa suka tashe ta a shekara guda. Shi mahaifina bai taɓa tuƙi a tsere ba. Zama yake a kujerar gefen direba yana sauraron inji, idan lokacin canza giya ya yi sai ya ƙwanƙwasa gaban motar da zobensa na azurfa. Har wurin ya lotsa.

Da Allah Ya yi masa rasuwa shekara shida da suka wuce, malamin da ya raba gado bai tsallake motar ba. Ni kaɗai ce 'ya, don haka rabi nawa, tumuni na Inna Hure mahaifiyata, saura na Baffa. Ba wanda ya sake tayar da zancen. Baffa ya ci gaba da tuƙi, mu kuma muka ci gaba da jin ƙarar salansarta daga tsakar gida.

To, Fakara ta tsufa. Shekara uku a jere ita ce ta ƙarshe. Lagireton da ke sanyaya inji na yoyo, tsatsa ta cinye ƙasanta har kana hango turɓaya ta tsakanin ƙafafunka, mai walda ya ce babu sauran inda zai kama. Ana cikin haka wani dillalin motoci a Rijiyar Zaki, Munir, ya nuna wa Baffa wata wadda ta fi ta ƙuruciya, ya ce zai yarda a yi musaya idan aka haɗa masa da injinan ban-ruwa biyu da Baffa ya ajiye. Bai ɓoye ba, farfasa Fakara zai yi, ya cire abin da zai ciru, sauran na 'yan gwangwan.

Daga nan Baffa ya rasa sukuni. Sau uku yana zuwa Rijiyar Zaki ya zagaya motar ya dawo. Da safe ya wanke Fakara, da rana ya ce ba zai ƙara kallonta ba, da yamma a same shi kwance a ƙarƙashinta. Matarsa Furera ta ce ko tuwo a tsaye yake ci. Ya manta injin wani manomi a buɗe har tumatirin mutumin ya fara yaushi.

Sai kuma ya tsiri zuwa gidanmu kullum. Ya yi sallama, ya gaida Inna, ya tambayi kaji, ya tambayi rumbu, ya dube ni ya buɗe baki, sai ya miƙe ya ce ana jiran sa. Na ɗauki kwanaki ban gane ba. Inna ce ta gane, kuma da yake akwai wasa tsakaninta da ƙanin miji, ba ta raga masa ba.

"Basiru, kajin nan dai lafiyarsu ƙalau tun jiya. In tumunina ne ya hana ka barci, na bar maka. Ai bai wuce taya ɗaya ba, ita ma sudaɗɗiya."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ba tumuni ne damuwarsa ba. Rabin marainiya ne. Ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya roƙi 'yar ɗan'uwansa abin da ubanta ya bar mata ba, don ya san kunya za ta sa in ce to, kuma abin da aka karɓa da kunya ba halal ba ne.

Na ce masa na yarda, ya je ya yi musayarsa. Ya tsura min ido.

"Ramlat, har zuciyarki?"

Na kawar da kai. Ya sa takalmi ya fita.

Sati guda ni ma na kamu da irin ciwonsa. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in fara tankaɗe in bari. Na san Fakara ba za ta ƙara wata kaka ba, na kuma ji tsoron ranar da ƙasanta zai zube da shi a ciki. Amma duk sanda na tuna za a sa mata guduma sai in ji ban yarda ba. Ran nan na je garejinsa ba ya nan, na buɗe ƙofar dama ta Fakara na zauna. Yatsana ya faɗa cikin lotsawar nan ta zobe. A nan na gane ba motar nake ƙi a rabu da ita ba.

Da ya dawo na ce, "Baffa, ni a raba min nawa. Kujerar nan nake so, da gaban motar inda Baba yake bugawa. Sauran na ba ka, kuma wannan karon har zuciyata."

Ya ce wannan ai bai kai rabi ba. Na ce a wurina ya fi. Sai ya ɗauko sifana don kwance su. Ya kira Inna da maƙwabcinsa su zama shaida, don Baffa ba ya wasa da irin wannan. Munir ya ɗan yi ƙorafi da ya ga mota ba kujera, daga baya ya haƙura.

Lahadin farko da sabuwar motar Baffa ya zo na uku. An ɗaga shi sama, shi kuwa yana ta mita wai wannan ba ta magana, ba ya jin abin da ke cikinta. Har yau bai raɗa mata suna ba, kuma har yau bai iya zama wuri ɗaya ba.

Kujerar tana gindin darbejiyar tsakar gidanmu, Inna na zama a kai tana tsince wake. Gaban motar na rataye shi a ɗakina. Idan Baffa ya zo, Inna takan tashi ta ba shi kujerar, shi kuma ya ƙi, ya ce shi direba ne, wannan wurin yayansa ne. Sai ya tsuguna daga hagu da ita, ya sha ruwa, ya tambayi kaji.