Ummaru Ya Karye, Ni Aka Ɓoye

Assalamu alaikum. Sama da shekara arba'in ina riƙe da wannan magana a ciki. Yau zan faɗe ta tun da sauran numfashi.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ina malamin Arabiyya a wata firamare a Shagari. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, albashi sai ya ga dama yake zuwa.

Ciwon ya fara da rashin barci. Daga nan abinci ya fita raina. Wata rana ina gaban allo, alli a hannu, na rasa abin da zan rubuta, sai kuka. Hedimasta ya sa aka mai da ni gida Boɗinga.

A satin ne ƙanena Ummaru ya faɗi a babur ya karye a ƙafa.

Shi aka kwantar da shi a zaure. Ni aka kai ni ɗakin baya, kusa da inda ake ajiye albasa. Daga nan nake jin sallamar 'yan dubiya. Wannan ya kawo kaza, wancan fura da nono. "Sannu Ummaru, Allah shi ba da lahiya." In an tambayi inda nake, sai Inna ta ce, "Yana wurin aiki."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi wa ɗan'uwana hassada. Hassadar karyayyar ƙafa! Na yi fatan a ce ni mai ɗori ke ja wa ƙashi, in yi ihu kowa ya ji, a ce mini sannu. Ciwonsa na da suna, nawa abin kunya ne. In ya aiko a gaishe ni, ba na amsawa. Ranar da ya fara takawa da sanda gida ya cika da barka, ni na juya fuska bango.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Wata uku ba sauƙi.

Matata Hajara ce ta kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya shigo har ɗakin, ya zauna bisa tabarmata. Da ya fita na ji yana ce wa Baba, "Alhaji, wanga ciwo na, ba raunin imani ba. Addu'a muna yi, amma gobe a kai shi asibiti. Da ni za a tahi."

A Sakkwato muka yanki kati, muka bi layi, aka ɗebi jini. Likita ya tambaye ni, "Malam, kana jin gara ka mutu?" Na ce e. Ba wanda ya taɓa tambayata sai shi.

Ya ce, "Ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana jin magani."

Na yi sati uku a kwance. Maganin babu a asibiti, sai an saya waje. Ummaru ne ya sayar da babur ɗinsa. Da na ji, kunya ta kama ni, na gaya masa abin da ke raina duk tsawon watannin nan.

Ya ce, "Yaya, ni ma hana ni shiga wurinka aka yi."

Bayan wata shida na koma aji. Na koyar har na yi ritaya.

Shawarata: wanda ya yi sati biyu ba barci, ba ci, ba walwala, a kai shi asibiti. Kada a bar magani don an ji sauƙi, sai likita ya ce. Malamai da limamai, ku faɗi wannan a huɗuba, ku matsa a kawo masu duba irin ciwon nan asibitocin ƙauyukanmu. Maganarku ake ji.

Na gode wa Allah. Na gode Hajara, na gode Ummaru. Liman ya daɗe da rasuwa. Duk wanda ya karanta wannan, ya roƙa masa rahama.