Abin da Sikeli Bai Sani Ba

Kakata Hajiya Ladi gishiri da kanwa take sayarwa a Komah, cikin Sokodé, kuma ba ta taɓa ɗora kaya a sikeli ba sai ta hure farantin. Da magariba takan zauna bakin murhu tana gasa mana doya, mu kewaye ta. A shekarun da yajin aiki ya rufe makarantu, sojoji suka cika titi, nan ne kaɗai nake jin zuciyata ta kwanta.

Yayana Salisu yana ajin ƙarshe a lise, babbar lakol ta sakandare, zaman gida ya ishe shi, sai ya mai da mu ɗalibansa. Wata rana ya ce duk abin da muke gani an gina shi da ƙwayoyin zarra, a cikin kowace kuma akwai wani ɗan mitsitsi mai suna elektiron. Sai an tara kusan dubu biyu kafin su kai nauyin furoton ɗaya da ke tsakiya.

"Kaka, a kilo guda na gishirinki, duk elektiron ɗin ba su wuce nauyin ƙwayar shinkafa goma ba. A lakol ma cewa ake a bar su, ba sa canza lissafi."

"A bar su?" in ji ta. "To maigidana mai boko, matso, ni ma ga tawa ta taho."

Ta ce an yi wani mai awon gishiri. Tururuwa ta zo ta roƙi ƙwaya ɗaya, ya ɗaga buhu ya ɗora a sikeli, ta ɗauka, allura ba ta motsa ba. Ya ce ta riƙa zuwa, ai sikeli bai san an taɓa ba. Ta gaya wa 'yan'uwanta. Kullum ƙwaya ɗaya, kullum allura shiru, har ranar da ya ɗaga buhu ya ji shi fayau.

Salisu ya buga cinya. "Kin gani! Mu ne tururuwar. Gobe in kowa ya fito macin zanga-zanga, buhun gwamnatin nan sai ya ƙare."

Fuskar Kaka ta canza. Ta san kwana uku ke nan Baba yana hana shi fita.

"Ba tururuwar nake ba ka labari ba, Salisu. Ƙwayar nake ji. An ɗauke ta, ba wanda ya tambayi ina ta tafi."

Ya yi dariya, ya ɓare doya ya miƙa mata. Da safe ya fita da takalmin roba, bai dawo ba.

Baba ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis. A wani wurin mutumin da ya tarar ko kai bai ɗaga ba, ya ce ƙasa tana cin wuta, shi kuma yana maganar yaro ɗaya. Daga baya wani direba ya ce ya ga mai kama da Salisu a tashar Dapaong, cikin masu neman tsallaka iyaka. Iyakar abin da muka samu ke nan. Kaka ta ci gaba da gasa doya, amma tatsuniya ta ƙare a gidanmu. Har ta rasu tana yanka kason Salisu.

Na daɗe ina jin haushinta, ina ganin labarinta ne ya zuga shi. Yanzu na san ƙoƙarin riƙe shi take yi da abin da ta iya.

Yau ina koyar da kimiyya a Dapaong. Ni na nemi a turo ni, kuma har yanzu ina duba fuskoki a tasha. Duk shekara mukan iso shafin da littafi ya ce a yi watsi da nauyin elektiron. Littafin bai yi ƙarya ba, amsar ba ta canzawa. Amma nakan sa su rubuta lambar duka, da dogon jerin sifilinta.

Bana wata yarinya ta ɗaga hannu. "Madam, tunda bai canza komai ba, don me muke wahala?"

Na ce, "Don yana nan. Rubuta shi."